Shekarar da Kaka Ta Daina Tofi

Takwara,

Tsaya, kafin gaisuwa ga kacici-kacici, kada in manta. Kaya uku gare ni, ba su da nauyi, ba sa tsufa. Babu gidan da babu irinsu a layin nan, har yara ƙanana suna da nasu. Amma shekara sittin ke nan ana sallama a ƙofata ana roƙon nawa. Mene ne su? Ke da kika yi karatun asibiti, sai mu ga inda karatun ya tsaya.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da cikin naki, da wannan malamin lissafin da ya aure ki ya kai ki nesa. Ki gaya masa har yau ban yafe ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke riga rediyo sanin za a yi ruwa.

Kada ki ƙara kirana a waya. Ke kina ihu, ni ina ihu, kawunki yana tsakiya yana fassara abin da shi ma bai ji ba. Direban motar magani, maƙwabcinmu, ya ce duk Litinin da Alhamis yana kai kaya asibitinku, kuma tunda aka rufe hanya saboda annobar nan irinsu kaɗai ake bari su wuce. Shi zai riƙa kai miki takardata. Ki yi haƙuri da rubutun, na makarantar manya ne, da furfurata na koya.

Layinmu ya yi tsit. Shagon aski a rufe, mai gyaran keke ya kwashe kayansa, masallaci ma kiran salla kawai ake yi sai ladan ya ce kowa ya yi a gidansa. Ƙofata ce kaɗai kasuwarta ta buɗe. Kin dai san aikin: a kawo ruwa a kofi, in karanta addu'ata a hankali, in tofa a ciki, a kai wa mara lafiya. Da can kofi uku ne ko huɗu a yini. Yanzu in na fito da safe sai in tarar da su jere a kan benci kamar 'yan makaranta. Jiya ashirin da shida na ƙirga. Har mai shagon magani ya aiko matarsa ta ƙofar baya don kada a gane kofinsa, alhali sunan shagon na jiki.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta sake lallaɓo ni. Ta ce, "Kaka, ki gaya mini addu'ar nan taki mana, kada ki tafi da ita." Na ce, "Wa ya gaya miki ni zan riga ki?"

Babbar maganar dai ita ce jakata a ɗaure take. 'Ya'yana bakwai, jikoki goma sha tara, babu wanda ya kwana uku a duniya ban tofa masa addu'a a maɗiga ba. Ke ce ma kika yi mini fitsari a cinya ana cikin yi. Wannan na cikinki shi ne tattaɓa-kunnena na fari, ba kuwa a kansa za a fara tsallake ba. Direba ya ce akwai wuri tsakanin kwalaye. Ke dai ki aiko da zarar kin ji motsi.

Allah ya sauke ki lafiya. Ki huta.

Ni ce mai sunan na asali,
Kakarki

*

Zuwa ga Kakata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu da iyalinsa. Mu ma lafiya, alhamdulillahi. Maigidan yana gaishe ki, ya ce yana nan yana jiran hukunci.

Takardarki ta iso. Sau biyu na karanta ta. Karon farko ina dariya, karo na biyu sai da na nemi kujera na zauna.

Kaka, don girman Allah ki dakatar da tofi. Ban ce addu'a ba ta da amfani ba, ni ma da ita nake shiga aiki kullum. Amma cutar nan a numfashi take tafiya, cikin 'yan ƙananan ɗigon yawu da ido ba ya gani. Mutum yana iya ɗaukarta kwana da kwanaki yana jin kansa garau, yana raba wa jama'a bai sani ba. Kofi ashirin da shida, mutum ashirin da shida ke nan daga gida daban-daban suna tsayawa dab da fuskarki. In ɗaya ya kawo miki ita, da bakinki za ki raba wa sauran, kuma marasa ƙarfin gidan ake kai wa ruwan.

Ɗakin da nake aiki gado goma sha biyu ne, yanzu an ƙara shida a baranda. Saboda cikin nan an ɗauke ni daga wurin an mayar da ni teburin rajista, amma ta gabana ake wucewa da su. Yawancinsu sa'anninki ne, Kaka. Wasu sun fi ki ƙarfi.

Na ba direba takunkumin fuska guda uku da sabulu. Ki rufe hanci da baki duk lokacin da wani ya zo, ki tsaya nesa da shi, ki wanke hannu da sabulu, ba ruwa zalla ba, ki bar taga a buɗe. Maganar zuwa kuwa, ki yi haƙuri, babu ita. Na gaya wa direba in na ji ko gefen mayafinki ya shiga motar nan, ni da shi ne.

Kacici-kacicinki: allura, ashana da gishiri.

Ki yafe mini in na yi tsauri. Tsoro ne.

Wassalam,
Takwararki

*

Malama Nas,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da mai lissafi. Amsarki ba ta yi ba. Gishiri yana ƙarewa, allura tana ɓata. Sake lale.

Na ga takardarki da dokokinta. Wato yarinyar da na goya ce yau take koya mini wanke hannu, ni da nake alwala sau biyar tun uwarta ba ta zo duniya ba. Na ce to, bari in kai ki ƙara. Na ɗaura ƙyallen naki, na tsallaka titi, na buga tagar Liman da sandata. Wannan Liman, in ba ki sani ba, yana cikin tsumma na tofa masa, don haka na tabbata shari'a tawa ce.

Ya leƙo, shi ma da nasa ƙyallen, gemu na fitowa ta ƙasa. Na karanta masa takardarki daga inda nake tsaye. Na ce, "Ka ji 'yar boko tana so ta hana addu'a."

Ya ce, "Kaka, ba ta hana addu'a ba, yawu ta hana."

Na ce, "Kai ma da shi ka girma."

Ya yi dariya ya ce, "Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya ɗaya da masu lafiya."

Na ce, "Raƙuma ce ni?"

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Ya kuma ce in annoba ta sauka a gari, na ciki kada ya fita, na waje kada ya shiga. Kin ga maganar motar direba ta faɗi ke nan."

Ashe direba ya riga ya baza zancen. Bakin yaron nan ba ƙofa.

Na ce, "To tawakkali fa? Ina ce abin da Allah ya rubuta ba makawa?"

Ya ce, "Ɗaure raƙumarki tukuna, sannan ki dogara ga Allah."

Na ce, "Kai dai yau raƙuma ne suka tsaya maka a wuya."

Daga nan na rage murya, don abin da ke damuna daban ne. Na ce, "Liman, tsakaninka da Allah, in na karanta ban tofa ba, addu'ar za ta kai?" Ya ba ni labarin wani mai ciwon kuturta da ya zo cikin jama'arsa don yin mubaya'a ga Manzon Allah, aka aika masa cewa an karɓi tasa, ya koma. Ba a haɗa hannu ba, kuma ba a rage masa komai ba. Ya ce, "Tofi ya halatta, Kaka, amma ba a cutar da wani da halal. Wanda yake jin abin da ke cikin zuciya, ƙyalle ne zai tare masa?"

Na dawo gida da shari'a a kaina. Ranar Talata na sa kawunki ya janye bencin zuwa bakin titi. Kowa ya riƙe kofinsa a can, ni ina bakin ƙofa da takunkumi, in karanta daga nesa in ce amin. Zo ki ga fuskoki. Mai ɗinki ta leƙa kofinta ta ce, "Kaka, wannan ai shayi ne ba sukari." Na ce, "A shekarunki shi ya dace da ke." Kofunan sun ragu, jiya tara ne. Wasu sun ce na tsufa, wasu sun ce jikata ta saye ni da sabulu. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Amma ki sani jakata tana nan a ɗaure. Liman ya ci ni a kan kofuna, bai ci ni a kan tattaɓa-kunne ba. Kafin ki sauka hanya za ta buɗe.

Ki gaishe da na ciki, ki ce masa ya jira ni.

Kakarki

*

Kakata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa.

Litinin ta wuce, Alhamis ta wuce, wata Litinin ta zo, direba yana zuwa hannu biyu. Na tambaye shi, sai ya hau duba tayar mota. Da na matsa ya ce benci babu kowa, tagarki ce kawai a buɗe. Na kira Kawu ya ce kina hutawa. Kaka, tunda nake ban taɓa jin kin huta ba.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ko zagi ne ina so. In kuma ba za ki iya riƙe biro ba, Kawu ya gaya mini gaskiya, ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san abin da zan ce a yi.

Amsar kacici-kacici ba na cikin hankalin nema.

Taki har kullum,
Takwara

*

Takwara, mai kukan banza,

Wa alaikumus salam. Ga zagin da kika nema: matsoraciya. Ina nan da raina, ina gaishe ki, kuma ni na hana kawunki da direba su gaya miki, don mai ciki ba a ɗora mata wani kaya a kan nata.

Baƙuwar ta zo. Ranar Asabar na tashi da zazzaɓi da tari, jiki kamar an yi mini duka. Wasu mutum biyu suka zo cikin fararen riguna har ƙasa, ɗaya ya zura mini tsinke a hanci sai da ya gaisa da ƙwaƙwalwata. Bayan kwana biyu aka ce ita ce. Suka duba numfashina suka ce da sauƙi, in zauna a ɗaki kwana goma sha huɗu, in ya tsananta a kira su. Allah bai sa ya tsananta ba.

Kawunki ne abin kallo. Ya ajiye tire a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa da sandar tsintsiya, ya ruga kamar mai ba kura abinci. Matarsa ta ware mini kwano da cokali da buta, tana wanke su daban. Bakina ya mutu, shayi da ruwan wanka duk ɗaya. Salla a zaune na riƙa yi, Liman ya aiko ta taga cewa ladan bai ragu ba. Mai ɗinki ma ta kwanta, ta kuma tashi. Ita ta ba ni ko ni na ba ta, Allah ne masani, mun dai bar shi a kan an yi canjaras.

Ga abin da nake so ki ji. Ranar Juma'a, ana gobe zan kwanta, lafiyata lau, har shara na yi. Sai ga matar wanzami da jaririnta ɗan kwana goma, yana ta kuka. Ta tsallake bencin ta zo har gabana. Ta ce, "Kaka, wannan dai ba kofi ba ne. Ki dubi Allah ki tofa masa." Takwara, hannuna ya riga ya kai bayan kunne, na kama igiyar takunkumin. Ban san me ya riƙe ni ba, ko takardarki, ko raƙuman Liman. Na ja da baya na ce ta koma bakin titi, daga can na karanta masa. Ta tafi tana cewa tsufa ya sa ni rowa.

Kwana goma sha huɗun nan babu abin da nake gani a jikin bango sai kan yaron nan, ɗan mitsitsi, da maɗigarsa tana motsi. Da na tofa fa? Shekaranjiya uwar ta ɗago mini shi daga tsallaken titi, ya yi kumatu kamar ya haɗiye ƙwallo. Ta ce, "Kaka, ki yafe mini." Na ce, "Jeki, rowar tawa tana nan."

Na kwance jakar. Zannuwan sun koma akwati, 'yan kayan jaririn da na saƙa na wanke su da sabulunki na shanya a rana, ga su nan wurin direba. Ba ke kika ci ni ba, kada ki yi ta fankama. Ni na ga dama.

Yanzu ki mayar da hankali ki nemo mini amsata. Allah ya raba ku lafiya.

Kakarki, wadda ta fi cutar taurin kai

*

Zuwa ga Kakata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki barka da tashi. Na yi kuka, na yi dariya, na yi sujada.

Albishirinki. Na sauka ranar Laraba da hantsi, mace. Ta yi gaggawa da mako uku, don haka 'yar ƙarama ce, hular da kika saƙa har hanci take rufe mata. Likita ya ce lafiyarta ƙalau, tana kama nono, mun dawo gida. Ba ma karɓar baƙi. Maigidan ya kafa bokiti da sabulu a bakin ƙofa, shi kansa sai ya wanke hannu sau biyu nake ba shi ita.

Kaka, zan faɗi wata magana, ki yi mini dariya in kin gama. Yau kwananta biyar. Duk zuriyarki babu wanda ya kai haka ba tofinki a kansa, sai 'yata. Ni na hana ki zuwa, na sani, kuma in an sake ma zan hana. Amma in ta yi atishawa sai gabana ya faɗi. In ta yi barci da yawa in tashe ta, in ta ƙi barci in hau kuka. Duk abin da na karanta yana kaina, ya ƙi sauka zuciyata.

Ga roƙona. Na ba direba ƙaramar kwalba mai murfi. Tunda kin warke, ki zuba ruwa ki tofa addu'arki, ki rufe da kyau. Ba zan ba ta ta sha ba, jariri nono kawai yake sha, shafa mata zan yi a ka. Ba wanda zai sani. In kuma kin ƙi, to ki rubuto mini addu'ar, na yi alkawari ba zan nuna wa kowa ba.

Kacici-kacici kuwa ya fi ƙarfina. Na ba ki gari.

'Yarki mai biyayya,
Takwara

*

Uwar jaririya,

Wa alaikumus salam. Barka, barka, barka da arziki. Allah ya raya ta, ya sa ta yi miki fitsari a cinya gaban baƙi. Garin da kika ba ni ki riƙe abinki, a rufe yake, me zan yi da shi?

Ga kwalbarki nan na mayar, yadda ta zo. Ba wanda zai sani, in ji ki? Direba ne fa ya kawo ta. Kafin la'asar kofi ashirin da shida sun dawo ƙofata, kowa na cewa an yi wa nas, shi me ya yi. Kin gaya mini gaskiya lokacin da ba na son ji, yau na rama biki.

Dariyar kuwa na yi, ba da yawa ba. Ni ma haka na yi a kan kawunki.

Saurara. Ina amarya, jaririn maƙwabta ya yini yana tsala kuka, aka rasa mai riƙe shi aka miƙo mini. Ni kuwa karatun allona bai yi nisa ba aka cire ni. Don kunya na motsa baki na karanta ɗan abin da na iya, na tofa. Yaro ya yi gyatsa ya yi barci. Washegari aka ce amarya tana da addu'ar gado. Ban taɓa cewa ina da ita ba, ban dai ce babu ba. A hankali nake karantawa don kada a ji ƙarancinta. Allah kuwa bai taɓa raina ta ba.

Ki wanke hannunki da sabulu. Ki karanta a tafinki, ki shafa mata daga ka har ƙafa, safe da yamma. Liman ya ce haka Manzon Allah yake yi wa kansa. Ni kuma daga nan ina karanta mata nawa, kin san yana kaiwa. In hanya ta buɗe zan zo in duba ko kin iya.

Ba sai na rubuta miki su ba, kina 'yar shekara huɗu kika haddace su a gabana. Ki huta lafiya.

Kakarki

Amsar ita ce Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi.